Izinin gini: a sassauta wa mai gyaran taga, a tsananta wa mai ƙarin bene

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafinku in yi magana a kan takardar izinin gini da hukumomin birane ke bayarwa, musamman ɓangaren gyaran tsohon gini, wanda a ganina shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na daɗe ina cin abinci a harkar gini, kuma na san abin da zan faɗa ba zai yi wa masu gidaje daɗi ba, haka ma ma'aikatan ofis.

Duk sanda bene ya rufta, abin da 'yan jarida ke fara tambaya shi ne ko an yi ha'inci a siminti ko a rodi. Tambayar tana kan hanya. Amma da wuya ka ji an ce: shin ginin da ya faɗi, shi ne wanda aka zana tun farko, ko daga baya aka ɗora masa kayan da ba a yi shi don ya ɗauka ba? Yawancin mutane sun yarda sabon gini sai da izini, ko da suna biya suna tsaki. Gyara kuwa a wurinsu harkar cikin gida ce. "Ai ɗan bangon nan ne zan fasa falo ya yi faɗi." "Ai ɗaki biyu ne kacal zan ɗora a sama." To, a nan gizo ke saƙa.

Mu yi ɗan lissafi. Kankaren da aka sa wa rodi, in ka ɗauki mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi, nauyinsa ya kai kusan kilo 2,400. Ke nan dekin, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 a kan fili mai murabba'in mita 100 ya tashi tan 36, tun kafin a jera bulo ɗaya a kansa, balle filasta da tayil da rufi da mutane da kayansu. Tankin ruwa mai cin lita 5,000 idan ya cika tan 5 ne, kuma a ɗan wuri guda yake zaune dare da rana. Harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa bai san mai gida ya yi arziki ba. Haka bango: bayan an yi filasta an shafa fenti, wanda ya raba ɗaki da ɗaki kawai da wanda ke ɗauke da dekin duk kamarsu ɗaya. Birkila da gudumarsa ba zai bambance su da ido ba, sai an duba zanen asali ko an buɗe silin an ga inda nauyin ya sauka. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ginin ba ya faɗuwa a ranar. An fasa bango, an share ƙura, mai gida ya ce ka gani, ba abin da ya faru. Bayan watanni sai ƙofar sama ta fara cijewa, sai wata tsaga ta tashi a karkace daga kusurwar taga, sai tayil ya fara ɓallewa a tsakiyar ɗaki. A kira mai filasta ya toshe tsagar, a ci gaba da zama.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce irin ta magina. A ranar 29 ga Yunin 1995 katafaren kantin Sampoong da ke Seoul, a Koriya ta Kudu, ya rufta cikin ƙasa da minti ɗaya, mutum 502 suka mutu. Hawa huɗu aka zana ginin, kuma ba don kanti ba. Ana cikin aiki aka sauya shawara, aka cire wasu ginshiƙai don a kafa matakala mai tafiya da lantarki, daga baya aka ƙara hawa na biyar, aka ɗora manyan na'urorin sanyaya ɗaki a kan rufin. Da maƙwabta suka koka da ƙararsu, sai aka ja su a kan rufin zuwa ɗaya gefen maimakon a ɗaga su da inji. Bincike ya gano an ba jami'an hukuma cin hanci sun kau da kai, kuma an ɗaure wasu daga cikinsu tare da mai kantin. Rana Plaza da ke Savar, kusa da Dhaka a Bangaladash, labarin kusan ɗaya ne: an zana shi don shaguna da ofisoshi, aka ƙara hawa a sama ba izini, aka cika shi da masana'antun ɗinki da manyan janareto. An ga tsaga a jikinsa, washegari 24 ga Afrilun 2013 aka ce ma'aikata su koma bakin aiki, ya faɗi a kansu, mutum 1,134 suka rasu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne benen Grenfell na Landan, domin shi ba a ɓoye aka yi aikinsa ba. Bene ne mai hawa 24 da aka gama a 1974, ya yi sama da shekara arba'in a tsaye. Aka yi masa kwaskwarima da ta ƙare a 2016, aka lulluɓe jikinsa da faranti mai roba a ciki. An shigar da takardu, hukuma ta sa hannu. A daren 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi a gida ɗaya, ta bi wannan lulluɓi ta haye sama, mutum 72 suka mutu. Kwamitin da ya binciki lamarin ya ɗora wani kaso na laifin a kan sashen da ya kamata ya duba aikin. Ashe ana iya samun takarda da hatimi, amma ba a samu wanda ya duba ba.

Shi neman izinin kansa ba wani abu ne mai sarƙaƙiya ba in an bi shi da gaskiya. Kusan ko'ina abin da ake nema ɗaya ne: shaidar mallakar fili, taswirar safiyo mai nuna iyaka, zanen ginin yadda yake yanzu da yadda ake so ya koma, da lissafin injiniya in aikin ya taɓa harsashi ko ginshiƙi ko dekin. A babban aiki akan ƙara da gwajin ƙasa da zanen wayarin da na ruwa. Ofis kuma abu biyu ya kamata ya duba. Na farko, ko ginin ya dace da wurin: tazararsa da titi da katangar maƙwabci, tsayinsa, inda ruwansa zai bi, ko ya hau kan magudanar ruwa ko ya shiga ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Na biyu, ko zai tsaya, kuma ko na ciki za su iya fita in gobara ta tashi.

Sai dai rabin aikin a fili yake, ba a kan tebur ba. Akwai lokutan da dole mai dubawa ya zo da ƙafarsa: bayan an haƙa harsashi kafin a zuba kankare, bayan an ɗaure rodin dekin kafin a zuba, bayan an ja waya kafin a rufe, sannan a ƙarshe kafin a ce mutane su tare. Dalili kuwa, da zarar kankare ya rufe rodi, shi ke nan, ba mai sake ganinsa. In zane ya ce rodi mai milimita 16 aka sa mai 12, a ido ɗan bambanci ne, amma a nauyi kusan rabin ƙarfen ya tafi. Ƙarfin kankare kuma a kwana 28 ake auna shi, amma sau nawa ake cire tokare da wuri don a kai katakon wani wurin aiki? Ba fayil ɗin da zai nuna wannan. Na taɓa aiki a wurin da mai dubawa ya zo ranar zuba dekin, bai taka tsani ba, a cikin mota ya sa hannu ya juya. A ofishin da ya fito kuwa, mai son faɗaɗa taga ana neman ya kawo kusan takardun da ake nema wurin mai gina hawa biyar.

Wannan ya kawo ni kan laifin hukuma, domin ba taurin kai kaɗai ke sa mutane gudun izini ba. Mutum ya kai fayil, ba wanda zai ce masa ga ranar da za ka ji amsa. Yau a ce saura hatimin safiyo. Ya kawo, gobe a ce zanen bai nuna ramin ba-haya ba. Ya kawo, jibi a ce mai sa hannun ya tafi taro. Me ya hana a lissafa masa duk abin da ya rage a zama ɗaya? Kuɗin da za a biya ba a manna shi a bango ba, sai dillalan bakin ƙofa su ne suka san farashi, su ne kuma suka san teburin da fayil ya kwana. Shi kuma mai gida ya riga ya yaye rufi, hadari yana haɗuwa, kayan gini suna ƙara tsada a kullum, ma'aikata suna shirin kama wani aiki. Sai ya ce a fara kawai, in sun zo ma san yadda za mu yi. Da haka mai gaskiya ke koyon hanyar ɓarawo, izinin kuma ya tashi daga kariya ya koma haraji.

Akwai ƙasashen da suka rage wannan wahala, kuma ba da wani siddabaru ba. A Faransa ɗan gini da bai wuce murabba'in mita 5 ba galibi ba ya buƙatar takarda. Daga nan zuwa 20 sanarwa ce mai sauƙi wadda ake amsawa cikin wata ɗaya. Izinin gidan zama na iyali ɗaya kuma wata biyu. In wa'adin ya cika ofis bai ce uffan ba, a mafi yawan lokuta an ɗauka ya yarda. Wanda ya samu izini dole ya kafa allo a bakin fili mai nuna abin da zai gina, maƙwabta kuma suna da wata biyu su kai ƙorafi. A Ingila wa'adin mako 8 ne ga ƙananan ayyuka, 13 ga manya. Wannan allo na bakin fili ya burge ni ƙwarai, domin maƙwabcin da za a haƙa rami a gindin katangarsa ya fi kowane jami'i sa ido. Batun shiru ya zama yarda kuwa, ina goyon bayansa a kan ƙaramin aiki, amma ban yarda a bar ƙarin bene ya wuce don kawai wani ya manta da fayil a aljihun tebur ba.

Abin da nake kira a kai ke nan: a raba aiki gwargwadon haɗarinsa. Mai fenti da tayil da sauya ƙofa a ƙyale shi ya yi abinsa. Mai ɗan ƙari a ƙasa ya sanar, a amsa masa cikin kwanakin da doka ta yanke. Amma duk wanda zai fasa bango mai ɗauke da kaya, ko ya ƙara hawa, ko ya ɗora tanki ko inji a kan rufi, ko ya mai da gidan zama makaranta ko ɗakin taro ko sito, to ya kawo injiniya mai rajista wanda zai sa sunansa ya ɗauki alhaki, kuma a je a gani da ido kafin a zuba komai. Ma'aikatan da yanzu suka nutse a fayilolin tagogi, su ne za a tura su fita duba dekin.

Wata hanyar da hukumomi ke bi in gine-ginen da ba su da izini suka yi yawa ita ce yafiya: kawo kuɗi a ba ka takarda. Turkiyya ta yi haka a 2018, miliyoyin masu gini suka yi rajista, aka bar alhakin ƙarfin ginin a wuyan mai shi. Girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe sama da mutum 50,000 a ƙasar, kuma wannan yafiya tana cikin abubuwan da aka fi yin Allah wadai da su bayan nan. Ban ƙi a yafe tara ba, domin rushe gidan talaka ba abin alfahari ba ne. Amma a yafe tarar, a aika injiniya ya duba ginin, in yana buƙatar ƙarin ginshiƙi a tilasta a yi.

Masu gidaje kuma su sani ba hukuma suke cuta ba in sun yi aiki a ɓoye. Ranar da za a sayar da gidan, ko a kai shi banki jingina, ko a nemi diyyar inshora, ƙarin da ba ya cikin zane shi zai fara tsaya musu a wuya. Ɗan haya da ke kwana a ƙarƙashin sabon benen kuwa ba a yi shawara da shi ba, bai ma san an taɓa cire bango a ɗakin da yake ba.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinku ofishin da ke ba da izinin gini ya tambayo mana: fayil nawa suka karɓa a bara, nawa ne na gyara, kwana nawa fayil ke yi kafin ya fito, masu duba aiki nawa gare su, kuma sau nawa suka fita fili. In kuma wani gini ya sake ruftawa, Allah Ya kiyaye, wakilin ya nemi zanen da aka sa wa hannu, ya ƙirga hawan da ke cikin takarda, ya ƙirga wanda aka gina, ku buga mana duka biyun.

Na gode. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon magini mai karanta jaridarku