Dillalan gidaje na buƙatar manhajar da ta san yadda muke ciniki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana da matasanmu masu haɗa manhaja, da kuma 'yan uwana dillalan gidaje da filaye. Ni ne mai rubuta takardun ciniki da riƙe lissafi a wani ofishin dillalai a Kaduna, kuma abin da nake gani kullum shi ne, rigima ba ta tashi wajen tayi da albarka. Tana tashi ne bayan an ce an sallama, a tsakanin biyan kafin alƙalami da ranar miƙa makulli.

A wannan tsakanin komai a warwatse yake. Hoton takardar fili na cikin WhatsApp ɗin dillali na farko, alat ɗin banki na wayar mai saye, sunayen shaidu na cikin littafina, alƙawarin ranar cika kuɗi kuwa a baki aka yi shi a gindin bishiya. In waya ɗaya ta ɓata, rabin tarihin cinikin ya tafi.

A Amurka sun daɗe da yi wa wannan mataki manhajoji. Akwai Dotloop, wadda kamfanin Zillow ya saya a 2015, akwai Qualia da SkySlope. Kowane ciniki ana buɗe masa fayil guda: takardu, sa hannu, ranakun da aka ɗiba, da abin da ya rage a yi. Kuɗin ma galibi ba ya shiga hannun dillali, wani amintacce na uku ke riƙe shi har sharuɗɗa su cika. Tsari ne mai kyau, amma an ɗinka shi ne a kan dokokinsu. In aka kwaso shi yadda yake aka kawo Rigasa, ba zai yi mako ba.

Mu a nan, ciniki ɗaya yakan bi ta hannun dillalai huɗu ko biyar. Wannan ya san mai gida, wancan ya kawo mai saye, wani kuma labari kawai ya kai, kuma kowa na jiran rabonsa a la'ada. A ofishinmu kashi 5 cikin 100 ne, rabon sa kuwa shi ke ɓata zumuncin shekaru. Manhajar da za ta yi mana amfani dole ta rubuta sunan kowa da kasonsa tun ranar farko, kowa ya gani a wayarsa ya amince.

Sai maganar gado, wadda ta fi ci mini rai. Bara an kawo mana wani gida a Tudun Wada. Babban ɗa ya ce shi ne wakilin magada, mai saye ya biya kafin alƙalami, har ya sayar da motarsa don ya cika. Ana saura kwanaki sai ga wata 'yar marigayin da ke aure a Zariya ta zo da kuka, babu wanda ya tuntuɓe ta. Gaskiya ce da ita. Ciniki ya rushe, kuɗin kuma an riga an taɓa su, mutumin nan har yau yana karɓa kaɗan-kaɗan. Da akwai tsarin da zai ƙi buɗe matakin biya sai an shigar da takardar rabon gado ta kotu da amincewar kowane magaji, mace da namiji, da ba a kai nan ba.

Haka ma binciken takardun fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ce ba a sauya mallakar fili mai takardar gwamnati sai da amincewar gwamna. Abuja na da hukumar adana bayanan filaye ta AGIS tun 2003, mu muna da irinta, KADGIS, Kano na da KANGIS. Duk da haka mutane da yawa sai sun biya sannan su je dubawa. Ya kamata hukumomin nan su buɗe ƙofa yadda manhaja za ta iya neman sakamakon bincike da lambar fayil, kuma ta bambanta awon gwamnati da awon igiya, domin takardun da ake nema ba ɗaya ba ne. A awon igiya, shaidar mai unguwa da maƙwabta na da nauyi, a ba ta gurbi.

Dillalan da ke tsoron a rubuta komai su sani cewa doka ta riga mu. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kuma masu harkar gidaje na cikin waɗanda ake so su yi rajista da SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Dokar Shaida ta 2011 kuma ta ba kotu damar karɓar bayanan kwamfuta.

Roƙona ga masu haɗa manhajar: ku yi ta da Hausa, ta karɓi saƙon murya domin manyan dillalanmu da dama ba sa rubutun boko, ta yi aiki a ƙaramar waya ko sabis ya yi rauni. Kafin ku rubuta komai, ku zo ku zauna a bencinmu ku ga ciniki daga tayi har miƙa makulli. Ofishinmu a shirye yake a fara gwaji da shi.

Naka,
Marubucin wani ofishin dillalai,
Kaduna