Amsa ga Ƙanena da Ya Yi Tambaya a Kan Notre Dame

Ƙanena,

Ranar Asabar ka bugo waya a shirinmu na wasanni, ka ce yaya aka yi Notre Dame, wata ƙaramar jami'ar Katolika da ke lungun jihar Indiyana, ta zama gagarabadau a ƙwallon Amurka, ko kuɗin coci ne? Lokaci ya ƙure ban ba ka cikakkiyar amsa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Ba kuɗi ba ne. Wani limami Bafaranshe, Edward Sorin, shi ya kafa makarantar a 1842, kuma har 1887 ɗalibanta ba su san kan wannan wasa da ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ba. 'Yan wasan Jami'ar Mishigan ne suka zo a jirgin ƙasa ranar 23 ga Nuwamba, suka koya musu dokoki, sannan aka shiga fili suka lallasa su da ci 8 da 0.

A 1909 almajiri ya kayar da malaminsa, 11 da 3, har gida. Mishigan ta soke wasan shekara mai zuwa, ta ce akwai 'yan wasan da ba su cancanta ba, ba a sake haɗuwa ba sai 1942. Manyan jami'o'in yankin ma suka juya musu baya. Ni dai na yi imani ƙyama tana ciki, domin a lokacin ana yi wa Katolika, 'ya'yan baƙin da suka zo daga Ailan da Italiya, kallon 'yan bora.

Da maƙwabta suka rufe ƙofa, kocinsu Jesse Harper ya shiga rubuta wasiƙu zuwa nesa yana neman waɗanda za su buga da su. Makarantar sojoji ta West Point ta amsa. A hutun 1913, ɗaliban Notre Dame biyu, Gus Dorais da Knute Rockne, suna aikin neman kuɗi a Cedar Point, bakin tafkin Erie. In sun sami sarari sai su sauka kan rairayi, Dorais ya wurga ƙwallo, Rockne ya cafe yana cikin gudu, su sake, su sake. Tun 1906 doka ta halatta jifa gaba, amma manya ba sa yin sa sai in ta ɓaci.

Ranar 1 ga Nuwamba suka isa gaban sojoji. Dorais ya yi jifa 17, aka cafe 14, Notre Dame ta ci 35 da 13. Ka ga inda labarin ya juya.

Daga nan leburori Katolika a New York, waɗanda ko ƙofar makarantar ba su taɓa gani ba, suka ɗauki ƙungiyar tasu ce. Rockne, haifaffen Norwe, ya karɓi koci a 1918, ya ci wasa 105 ya faɗi 12 kafin hatsarin jirgin sama ya yi ajalinsa a 1931.

Ka sake bugowa Asabar mai zuwa, zan ware maka minti biyar. A gaida mutanen gida.

Yayanka