A riƙa bambanta abin da aka gwada da abin da ake hasashe

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne daga Garwa game da shirinku na kimiyya, wanda ni da wasu 'yan'uwana malaman lise, wato sakandare, muke saurare a kai a kai. A ɗaya daga cikin shirye-shiryen baya-bayan nan an ce masana sun gano cewa sararin samaniyar da muke ciki ɗaya ne kawai daga cikin wasu marasa adadi, kuma an karanta maganar kamar yadda ake karanta sanarwar kusufin rana. Babu wanda ya gano haka. Hasashe ne da ya fito daga lissafin wasu masana fiziks, kuma har yau ba a samu hanyar gwada shi ba.

Misalin da ya fi nuna bambancin ya faru ne kusa da mu, a tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, kudu maso yamma da Duwala. A shekarar 1915 Albert Einstein ya kammala nazariyyarsa wadda ta ce abu mai nauyi kamar rana yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayensa, saboda haka hasken tauraron da ya bi ta gefen rana dole ya karkace. Ya kuma faɗi gwargwadon karkatar, wato kusan kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri ɗaya, ninki biyu na abin da lissafi irin na Isaac Newton, masanin da ya kafa tsohuwar dokar jan nauyi, ya bayar. Tun da ba a ganin taurari kusa da rana sai ta yi kusufi, masanin taurari Arthur Eddington ya taso daga Ingila ya zo Principe domin kusufin ranar 29 ga Mayu 1919, wata tawaga kuma ta nufi Sobral a Birazil. Da safe aka yi ruwa, gajimare ya rufe sama, kuma cikin hotuna 16 da Eddington ya ɗauka biyu ne kawai suka yi amfani. A watan Nuwamba aka sanar a Landan cewa awon ya yi daidai da Einstein. An daɗe ana gardama a kan wasu hotunan Sobral da aka ajiye gefe saboda ba su fita sosai ba, har sai da aka sake auna su a 1979, kuma awon da aka yi daga baya da na'urorin hangen nesa masu kama igiyoyin rediyo daga sama ya kawar da shakka.

Abin da ya ɗauki hankalin Karl Popper, masanin falsafa ɗan Austiriya, a wannan lamari shi ne kasadar da Einstein ya yi, domin da hasken bai karkace ba, da nazariyyar ta rushe a rana ɗaya. Daga nan ya kafa ma'auninsa a littafin da ya fitar a 1934, cewa magana tana shiga sahun kimiyya ne idan akwai abin da, in an gan shi, zai ƙaryata ta. Ina koyar da wannan ma'auni ga ɗalibaina, amma ba na ɓoye musu cewa tarihi bai bi shi sau da ƙafa ba.

Dubi abin da ya samu masanin taurari Urbain Le Verrier na Faransa. Duniyar Yuranus ta riƙa sauka daga hanyar da lissafin Newton ya shata mata. Le Verrier bai yar da Newton ba, sai ya ce akwai wata duniya da ba a gani ba tana janta, ya lissafa inda take, aka duba a Balin a watan Satumba 1846 aka ga Neftun. Da ya lura cewa duniyar Makuri ita ma tana da ɗan kauce wa lissafi, sai ya sake kawo irin wannan magani a 1859, ya ce akwai wata duniya kusa da rana, har aka raɗa mata suna Bulkan. Aka yi ta nema shekara da shekaru ba a gan ta ba, domin babu ita. A wannan karo lissafin Newton ne ya gaza, kuma nazariyyar Einstein ce ta warware matsalar a 1915. Mutum ɗaya ne ya yi amfani da dabara ɗaya, ya dace sau ɗaya ya kuskure sau ɗaya, kuma a lokacin babu wata ƙa'ida ta falsafa da za ta gaya masa wanne ne wanne. Na'urar hangen nesa ce ta raba gardama, bayan jira mai tsawo.

Jiran ma ba aibi ba ne. Peter Higgs da wasu masana sun yi hasashen wata ƙwayar zarra a 1964, ba a gan ta ba sai a 2012, a ramin gwaji mai tsawon kilomita 27 na cibiyar CERN da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa. Igiyoyin girgizar sarari da Einstein ya yi hasashe a 1916 sai a ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO a Amurka suka kama su. Sai dai a duka biyun an san abin da ake nema, daga baya kuma aka san irin na'urar da za ta nuna shi ko ta nuna babu shi.

Nan ne maganar sararin samaniya masu yawa ta bambanta, haka kuma nazariyyar da ke cewa asalin kowane abu wasu ƙananan zare ne masu kaɗawa kamar tsirkiyar garaya, waɗanda lissafinsu ke buƙatar fuskoki 10 ko 11 a maimakon huɗun da muka sani, wato tsawo, faɗi, zurfi da lokaci. Lissafin yana da zurfi, ya kuma amfani masana lissafi ƙwarai, amma bayan fiye da shekara 40 ana aiki a kai bai fitar da wani hasashe da aka gwada aka tabbatar ba. Masanan kansu ba su yi shiru ba. A watan Disamba 2014 George Ellis na Afirka ta Kudu da Joe Silk sun rubuta a mujallar Nature suna gargaɗin kada a sassauta sharaɗin gwaji don kawai lissafi ya yi kyau, kuma a shekarar da ta biyo aka yi taro a Munik a kan wannan gardama. Ni ina tare da Ellis, ko da yake ban ga laifin masu ci gaba da binciken ba, muddin sun faɗi matsayinsa.

Dalilin damuwata shi ne ɗaliban da ke gabanmu. Yawancin makarantunmu a nan arewa ba su da isassun kayan gwaji, saboda haka yaro yana karɓar fiziks ne daga allo da bakin malami, kamar yadda yake karɓar hadda. Idan rediyo ta ƙara masa da cewa duk abin da ya fito daga bakin masana daidai yake da juna, to ranar da ya ji an janye wani hasashe zai ɗauka har lissafin kusufi ma ƙarya ne. Wasu daga cikin waɗannan yara za su tafi jami'o'in Marwa da Ngaundere, wasu har cibiyar nazarin lissafi ta AIMS da ke Limbe, kuma gara su tafi da sabon yin tambaya a kan yadda aka san abu.

Roƙona shi ne duk lokacin da za a kawo labari irin wannan, mai gabatarwa ya faɗi ko an gwada maganar, da wane irin gwaji aka yi, ko kuwa tana nan a matakin lissafi. Zan kuma so ku keɓe shiri guda a kan tafiyar Eddington zuwa Principe, ku gayyato malamin fiziks daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu ya yi bayaninta da Hausa, a kuma buɗe layi masu sauraro su yi masa tambayoyi.

Allah Ya ƙara basira, Ya bar zumunci.

Naku mai sauraro,
Malamin fiziks, Garwa, Kamaru