Lemon kwali a cikin fida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana kan abin da nake sayarwa da hannuna. Shagon kayan masarufi gare ni a Zariya, kuma lemon kwali yana cikin kayan da suka fi tafiya, musamman da zafi. Sau da yawa mace za ta shigo da goyo a baya, ta saya, nan take ta juye a fida ta sa wa jaririn da ko zama bai fara ba. A da ba na cewa komai, ai ciniki ne.

Jikata ce ta sa na daina shiru. Da fidar lemo take barci, ni kuwa nake kai musu katan-katan, wai ina nuna ƙauna. Kafin ta cika shekara biyu haƙoranta na gaba huɗu sun yi baƙi, suna marmashewa. Kakarta ta ce tsutsa ce. Likitan haƙori ya ce sukari ne yake kwana a bakinta. Ga yawan zawo, ga ƙin abinci, domin zaƙi ya riga ya cika ciki.

Hoton lemo da mangwaro da ke jikin kwalin shi ke yaudararmu. Da yawansu ruwa ne da sukari da ƙamshi, a juya bayan kwalin a karanta. Ko wanda aka matse a gida ma, an zubar da tuƙar, saura zaƙin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma tun 2017 ta ce kada a ba yaro ruwan 'ya'yan itace sai ya shekara, daga nan zuwa shekara 3 kada ya wuce kimanin rabin kofi a rana, a kofi, ba a fida ba. Mai zawo kuma ruwan gishiri da sukari na asibiti yake buƙata, lemo ƙara masa yake yi.

Yanzu idan mai goyo ta miƙo kuɗi, nakan ce, "Hajiya, na mai goyon ne ko na goyon?" Wasu su yi dariya, wasu su harare ni su wuce shagon gaba. Jikar tawa kuwa ayaba da gwanda ake murƙushe mata, kwandon da nake kai musu duk Juma'a ke nan.

Naku,
Wani mai shago, Tudun Wada, Zariya