Don Allah a daina zubar da tsofaffin faya-fayan garmaho

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da masu tsofaffin faya-fayan garmaho da aka jibge a ƙarƙashin gado suna shan ƙura, wasu ma na ji wai zubarwa suke yi don yanzu komai na cikin waya.

Kwanan nan na zaro wani daga cikin nawa, irin babban nan mai inci 12 da ake ce wa LP, waƙoƙin da ke ciki duk ina da su a waya amma wallahi sai na ji kamar ban taɓa sauraronsu ba. A waya da waƙa ta ɗan yi sanyi sai yatsa ya kai, an wuce. Nan kuwa in ka sauke allura sai dai ka nemi wuri ka zauna, minti ashirin da 'yan kai gefe ɗaya ya ƙare, ka tashi ka juya.

Kuma jerin waƙoƙin nan ba kara zube aka yi shi ba. Kafin kamfanin Columbia na Amurka ya fito da LP a 1948, faifai mai juyawa sau 78 a minti ake yayi, gefe ɗaya bai wuce minti uku zuwa biyar ba, waƙa guda ke nan. Da aka samu mai juyawa sau 33 da sulusi sai mawaƙa suka samu sarari, suka fara tunanin wace za ta buɗe, wace za ta rufe gefen farko. Akwai ma wata dabara da ba kowa ya sani ba, allura in ta matso tsakiya zagayen ya ƙanƙance, sauti sai ya fara dushewa, shi ya sa sau da yawa ake sa masu zafin kiɗa a baki a bar masu taushi can ciki. Wata mai sanyi da kullum nake tsallakewa, da na ji ta a mazauninta bayan masu hayaniya sun wuce, sai da na ɗaga allura na maimaita.

Ni dai ba na cikin masu rantsuwar cewa sautin faifai ya fi na komai, akwai ƙaras-ƙaras ɗin nan, wani lokacin allura ta maƙale tana ta nanata baiti ɗaya har ya ishe ka. Amma abin bai mutu ba fa, a 2022 faya-fayan da aka sayar a Amurka sun fi CD yawa, rabon da a ga haka tun 1987.

To mai shi ya kula. A jera su a tsaye kada a ɗora wani kan wani, zafi na lanƙwasa su kuma in ya lanƙwashe da wuya ya dawo daidai, a riƙa kamawa ta gefe don maiƙon hannu na jawo ƙura, tsohuwar allura kuma cinye layin take yi. In garmahon ne ya ƙi juyawa kada a yi saurin cewa ya mutu, sau da yawa bel ɗin roba ne kawai ya saki, a canja shi a gani.

Naku,
Wani mai karatu