Ba Ƙarancin Data Ne ke Sa Wasan Intanet Maƙalewa Ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani ƙorafi da ya yi yawa a bakin matasanmu masu buga gem ta intanet, irin su PUBG Mobile, Free Fire, Call of Duty Mobile da eFootball. Ƙorafin shi ne maƙalewar wasa: mutum ya danna maɓalli amma ɗan wasansa bai motsa ba sai bayan ɗan lokaci, ko ya ga ya riga ya laɓe a bayan bango amma harsashi ya same shi. Da yawansu suna ɗora laifin a kan ƙarancin data ko ƙaramar waya, har su ɓarnatar da ɗan abin da ke hannunsu wajen sayen data mai yawa ko sauke manhajojin da ke alƙawarin kawar da matsalar, alhali tushenta yana wani wuri dabam.

Yawancin wasannin da ake haɗuwa da jama'a a buga suna da wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda duk abin da ɗan wasa ya danna sai ya je wurinta ta yanke hukunci kafin ta maido da amsa. Lokacin da wannan zuwa da dawowa yake ci shi ne lambar ping da ake gani a gefen allon waya, kuma ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Saƙon yana tafiya ne a matsayin haske cikin igiyar fayiba, inda yake cin kimanin kilomita 200,000 a sakan guda. Ma'ana, kowane kilomita 1,000 na nisa yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, kuma babu kuɗin da zai rage wannan.

To, mu yi lissafin yaron da ke zaune a Kano yana wasa a sabar da ke Frankfurt ta Jamus, birnin da kamfanoni da dama suke ajiye sabobinsu na Turai. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Igiyar MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana bin ƙarƙashin teku tsawon kilomita 7,000 tsakanin Legas da Fotugal, sannan akwai kusan wasu 2,000 daga can zuwa Frankfurt. Jimilla an kai kilomita 10,000, wato milisakan 100, tun kafin a lissafa tsaikon da saƙon ke yi a turken sadarwa da kowace na'urar da ya ratsa a hanya. A wasan da ke nuna hoto 60 a sakan, wannan yaro yana bayan abin da ke faruwa da hotuna shida cif, yayin da abokin karawarsa da ke kusa da sabar ya riga ya gan shi ya harba. Ina ganin rashin adalci ne a ce wa irin wannan yaro bai iya wasa ba.

Wanda ke shakkar muhimmancin waɗannan igiyoyi ya tuna ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a teku daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta gurgunce a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, aka koma karkatar da saƙonni ta wasu hanyoyi da suka cika maƙil.

Yawan gudun da kamfanonin sadarwa ke tallatawa wani abu ne dabam. Faɗin titi yana ba motoci da yawa damar wucewa a lokaci guda, amma bai rage nisan Kano zuwa Legas da taku ɗaya ba. Wasa ba ya buƙatar data mai yawa yayin da ake buga shi. Abin da yake so shi ne ƙananan saƙonni su isa da wuri, a jere, kada ko ɗaya ya ɓace. Shi ya sa ping da ya tsaya a 120 ya fi daɗin wasa a kan wanda ke tsalle tsakanin 60 da 300. Irin wannan tsalle yakan faru da daddare idan jama'ar unguwa suka yi wa turke ɗaya yawa, ko idan wani a gida yana sauke fim a kan Wi-Fi ɗin da ake wasa da shi. Akwai kuma maƙalewar da ba ruwanta da sabis: idan waya ta ɗauki zafi, musamman a bazara ko ana wasa tana caji, takan rage ƙarfin aikinta da kanta don kada ta lalace, sai hoto ya riƙa sarƙewa ko da ping yana ƙasa.

Mu da muka taso a zamanin gidajen gem na unguwa mukan ce wasannin da sun fi na yanzu biyayya ga hannu, kuma akwai gaskiya a maganar. Super Mario Bros. na 1985, Street Fighter II na 1991, Mortal Kombat na 1992 da Winning Eleven na PlayStation duk ana buga su ne a ɗaki ɗaya, mutum biyu a kan benci, tsakanin maɓalli da na'ura waya ce da ba ta wuce 'yan mitoci ba. Tsohuwar talabijin mai ƙeya kuwa tana zana hoto ne nan take da saƙon ya iso. Bindigar harbin agwagi da ke zuwa tare da na'urorin kaset shaida ce, domin ta dogara ne da wannan daidaiton lokaci, shi ya sa ba ta aiki a kan yawancin talabijin na bango, waɗanda sai sun sarrafa hoto kafin su nuna shi. Duk mai son komawa tsofaffin wasanni a sabuwar talabijin ya nemi tsarin wasa da ke cikin saitinta ya kunna, zai ji bambanci a yatsunsa.

Sai dai zamanin ma yana da nasa jinkirin. Najeriya tana bin tsarin talabijin na PAL mai sabunta hoto sau 50 a sakan, saɓanin 60 na Amurka da Japan, don haka wasanni da dama da aka yi wa wannan tsari, ciki har da Sonic na farko a Sega Mega Drive, suna tafiya a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarun da ake ɓoye jinkiri da su a yau tsofaffi ne. A 1996 John Carmack na kamfanin id Software ya fitar da QuakeWorld, wata sigar wasan harbi na Quake, saboda masu shiga intanet ta layin tarho, inda kwamfutar ɗan wasa ke nuna motsinsa nan take ba tare da jiran amsar saba ba, idan amsar ta zo da saɓani sai a gyara. Wannan gyaran ne matasa ke gani idan ɗan wasansu ya yi gaba sai aka fizgo shi baya. A 2006 kuma Tony Cannon ya ƙirƙiro wani tsari mai suna GGPO, wanda ke hasashen abin da abokin karawa zai danna, in hasashen ya kuskure ya mayar da wasan baya kaɗan ya daidaita. Da wannan dabara ce masoya tsofaffin wasannin faɗa ke karawa da juna daga ƙasashe dabam-dabam a dandalin intanet na Fightcade har yau.

Maganin gaskiya shi ne a matso da saba kusa. Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa na ajiye sabobi a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya biyo baya a Cape Town a 2020, igiyar Equiano ta Google kuma ta sauka a Legas a 2022. Muna da IXPN, cibiyar da aka kafa a 2006 domin saƙonnin cikin gida su daina zagayawa ta Turai kafin su dawo. Ina kira ga kamfanonin wasanni su ajiye sabobi a Legas, ga gwamnonin Arewa su sauƙaƙa kuɗin izinin shimfiɗa fayiba a jihohinsu, sannan ga Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta sa kamfanonin sadarwa su riƙa bayyana wa mai saye matsakaicin ping ɗinsu kamar yadda suke tallata gudu.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya