Amsa Ga Mai Tambaya Kan Hanyar Jebba

Assalamu alaikum, ɗanmu.

A taron 'yan kasuwar gwari na Mile 12 da ke Legas ka miƙe ka tambaye mu direbobi: tunda hanyar Jebba ta fi kusa, me ya sa muke zagayawa da kayan Kano ta Lakwaja, mu ƙara muku kuɗin mota? Ga amsa.

Gaskiyarka, ta fi kusa, kuma ita ce tsohuwar hanyar Arewa. A1 ake kiranta a taswira. Daga Legas ta bi Shagamu, Ibadan, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta wuce Mokwa, Kontagora, Yawuri, Jega, Sakkwato, ta tuƙe a Illela, bakin iyakar Nijar. Daga Ilori zuwa Mokwa kusan kafaɗa da kafaɗa take tafiya da layin dogon da Turawa suka shimfiɗa. Sashen Legas zuwa Ibadan mai tagwayen hanya, kimanin kilomita 127, a 1978 aka buɗe shi, aka soma sake gina shi a 2013. Wannan sashen, in ka tsallake gosulon Kara da tirelolin da ke fakin a Ogere, ba ya ba mu wahala.

Wahalar daga Oyo take farawa. Tun 2001 aka ɗauko aikin tagwaita Ibadan zuwa Ilori, amma tsakanin Oyo da Ogbomosho ya sha jinkiri shekara da shekaru. A ƙuntatacciyar hanya, tanka ɗaya in ta faɗi a gicciye, kowa ya kwana. Gaban Jebba kuma gadoji ne ke riƙe da hanyar. A 2017 gadar Tatabu ta karye, ambaliyar Mokwa ta 2025 ta sake yanke hanya. In gada ta tafi a wurin nan, babu ratsen da zai ɗauki mota mai tan 30.

Sannan mai zuwa Kano dole ya rabu da A1 bayan Mokwa. Ko dai ya bi Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna, inda 'yan bindiga suka sa direbobi da yawa suka haƙura, ko ya bi Bida, Lapai da Lambata ya faɗa Suleja, hanyar da ramukanta ke cin sifirin da taya. Shi ya sa muke gangarowa ta Abuja, Lakwaja, Okene, Owo, Akure, Ilesha, mu haɗe da A1 a Ibadan.

Kai kilomita kake ƙirgawa, tumatir kuwa awa yake ƙirgawa. Kwandon ƙasa shi ke ɗauke da nauyin na sama. In mota na tafiya iska na ratsa shi, in ta tsaya cikin rana sai ya yi zafi ya soma zubar da ruwa. Tsayuwar yini guda ta fi ƙarin man zagaye tsada nesa ba kusa ba. Albasar Sakkwato da Aleiro ta fi juriya, kuma hanyarta ke nan, don haka har gobe ta Jebba take sauka.

Ka kuma ja kunnen masu yi maka lodi. Ƙarin kwando 20 a kan ƙa'ida riba ce a takarda, amma a gangaren Okene shi ke ƙona birki, a tsakar rana shi ke fasa taya. Kafin mota ta tashi, a buga waya Mokwa da Lakwaja a ji halin da hanya ta kwana, sannan a yi cinikin kuɗin mota.

Wassalam,
Wasu direbobin tirela, Agege, Legas.